Art Arfons: Bakaniken da ya tara abokai suka ƙera motar da ta fi kowace gudu a duniya

Tsakanin watan Oktoban 1964 da Nuwamban 1965, sau uku wani bakanike ɗan jihar Ohio ta ƙasar Amurka mai suna Art Arfons yana karɓe kambun mutumin da ya fi kowa gudu a doron ƙasa. A karo na uku na'urar alƙalai ta nuna mil 576.553 a sa'a guda, wato kusan kilomita 928, gudun da ya yi daidai da na manyan jiragen fasinja a sararin samaniya. Da a ce akwai miƙaƙƙiyar hanya, da motar ta haɗa Abuja da Kaduna cikin minti 10 ko 11.

Wannan mota ba daga wata masana'anta ta fito ba. A wani gareji aka haɗa ta, a gefen birnin Akron, da injin jirgin yaƙi da aka sayo a hannun dillalin gwangwan, da sassan tsofaffin motoci, da kuma hannun wasu abokai 'yan ƙalilan waɗanda sha'awa da zumunci suka kawo su. Littafin tarihi suna ɗaya yake rubutawa, sunan wanda ya riƙe sitiyari. Amma duk wanda ya bi rayuwar Arfons zai ga cewa aikin gayya ne ya ɗora shi a kan wannan matsayi, zai kuma ga inda ƙarfin gayyar ya tsaya da irin farashin da aka biya.

Asali da tasowa

An haifi Arthur Eugene Arfons ranar 3 ga Fabrairun 1926 a Akron. Mahaifinsa, Tom Arfons, ɗan ci-rani ne da ya zo Amurka daga ƙasar Girka, mahaifiyarsa Bessie kuwa tana da jinin ƙabilar Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a nahiyar. Iyalin suna da injin niƙa abincin dabbobi a kan wata hanya da ake kira Pickle Road. A nan Art ya tashi tare da wansa Walt, wanda suke uwa ɗaya, ya kuma girme shi da kusan shekara goma. Injin niƙa ba ya rabuwa da lalacewa, kuma mai ƙaramin jari ba ya kiran bakanike kullum. Saboda haka tun suna yara suka saba da kwance inji da mayar da shi, da walda, da neman abin da zai maye gurbin ƙarfen da ya karye.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Art ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka yana ɗan saurayi. An horar da shi kan gyaran injin dizal, aka tura shi tekun Fasifik a cikin ƙananan jiragen da ke sauke dakaru a gaɓa, ya kuma halarci yaƙin Okinawa. Da aka sallame shi ya koma Akron, ya yi aure, ya ci gaba da aikin niƙa. Bai yi karatun injiniya a jami'a ba. Abin da ya sani game da inji, a hannu ya koye shi.

Akron a wancan zamani ita ce cibiyar sarrafa roba a Amurka. Manyan kamfanonin taya biyu masu hamayya da juna, Goodyear da Firestone, duk a nan hedikwatarsu take. Wannan zama wuri ɗaya ya yi tasiri sosai a rayuwar 'yan'uwan biyu daga baya.

Koren Dodo na farko

A farkon shekarun 1950 wani sabon wasa ya bazu a Amurka: tseren motoci biyu a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, kimanin mita 400, daga tsaye zuwa layin ƙarshe. A 1952 Art da Walt suka haɗa motarsu ta farko, mai ƙafa uku da injin Oldsmobile. Da suka zo fenti, ragowar koren fentin tarakta suka samu, suka shafa mata. Mai sanarwa a filin tsere ya dube ta ya kira ta Green Monster, ma'ana Koren Dodo, don zolaya. Sunan ya bi kusan duk motocin da Art ya ƙera har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya bambanta su da sauran 'yan tsere shi ne inda suke neman ƙarfi. Bayan yaƙi, gwamnatin Amurka ta yi gwanjon dubban injunan jiragen yaƙi da ba ta da buƙatarsu, a farashin da bai taka kara ya karya ba. 'Yan'uwan suka riƙa sayen injin Allison mai silinda 12, wanda aka yi domin jiragen farfela, suna ɗora shi a kan firam ɗin da suka yi wa walda da kansu. Motocin ba su da kyan gani, kuma suna da nauyin tashi, amma kafin su kai layin ƙarshe sun fi kowace mota gudu. Har ta kai babbar ƙungiyar da ke shirya irin wannan tsere ta haramta amfani da injin jirgi a gasanninta. Son da Art ke yi wa wannan inji ya sa ya raɗa wa 'yarsa suna Allison, ko da yake an fi saninta da Dusty.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 zumunci ya yi tsami tsakanin Art da Walt. Suka raba gari, kowa ya kama garejinsa, kusa da juna a kan hanya ɗaya, suka shafe shekaru da ƙyar suke magana. Daga nan wan ya zama abokin hamayya, ƙanen kuma ya koma dogaro da abokai.

Filin gishiri da zuwan injin jet

A arewa maso yammacin jihar Utah akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Bonneville, ragowar wani tsohon tafki da ya ƙafe ya bar ɓawon gishiri mai tauri, fari fat iya ganin ido. Tun shekarun 1930 masu neman kafa tarihin gudu suke zuwa can. Ƙa'idar gasar a bayyane take: mota za ta ratsa mil ɗaya da aka auna tana cikin gudu, ta juyo ta sake ratsa shi ta ɗaya ɓangaren kafin sa'a guda ta cika, sannan a ɗauki matsakaicin gudun biyu. An yi haka ne domin kada iska ko gangare su taimaki kowa.

Tun 1947 kambun yake hannun wani Baturen Ingila, John Cobb, da mil 394 a sa'a. Shekara goma sha shida ba wanda ya iya karɓe shi. Matsalar ita ce injin fistan sai ya bi ta giya da ƙafafu kafin ƙarfinsa ya isa ƙasa, kuma a irin wannan gudu taya takan riƙa zamewa a kan gishiri. Arfons ya ɗanɗana wannan da kansa. Ya je Bonneville a 1960 da wata mota mai injin Allison da ya kira Anteater, a 1961 ya haura mil 313 kafin kulocinta ya ƙone.

Injin jet ya kauce wa wannan matsala gaba ɗaya. Yana zuƙar iska ta gaba, jerin fankoki su matse ta, a fesa mata mai a cinna wuta, sai iskar mai zafi ta fita ta baya da ƙarfin gaske, ta ingiza abin da injin ke ɗaure a jikinsa. Ƙafafu ba sa jan komai, aikinsu kawai su ɗauki nauyi su yi ta juyawa. Wani likita daga Los Angeles, Nathan Ostich, shi ya fara kai irin wannan mota Bonneville a 1960. Arfons ya bi sahu a 1962 da Cyclops, mai injin J47, inda ya zauna a gaba ba rufi a kansa, ya kai mil 330.

Kowa a filin ya san abin da ake sa wa a caca. A 1960 Athol Graham ya mutu a kan gishirin cikin motar da ya ƙera da hannunsa. A watan Satumban 1962 Glenn Leasher ya mutu cikin wata motar jet mai suna Infinity. Duk da haka ba a fasa ba. Ranar 5 ga Agustan 1963 wani matashi ɗan Kalifoniya, Craig Breedlove, ya yi mil 407.45 da motarsa Spirit of America, da tallafin kamfanonin Shell da Goodyear. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ƙi amincewa da sakamakon, domin motar ƙafa uku gare ta kuma injin ba ya juya ƙafafunta. Hukumar babura ta duniya ce ta karɓe shi. Jama'a dai ba su damu da wannan gardama ba: Breedlove ya fi kowa gudu.

Injin dala 600

Arfons ya san J47 ba zai kai shi inda yake so ba. Abin da yake nema shi ne J79 na kamfanin General Electric, injin da ke cikin jirgin yaƙi samfurin F-104 Starfighter, mai ninka gudun sauti sau biyu. Sabonsa ya fi ƙarfin aljihun kowane bakanike, kuma soja ba sa sayar da shi. Sai aka yi dace wani dillalin gwangwan a jihar Florida ya samu guda ɗaya da aka yi watsi da shi, saboda wani ƙarfe ya faɗa cikinsa ya lalata fukafukan fankokinsa. Arfons ya saye shi a kan kimanin dala 600.

Kamar yadda ya sha ba da labari, ya nemi kamfanin ya ba shi littafin bayanin injin, aka hana shi, domin har lokacin injin yana cikin sirrin soja. Ba a jima ba wani jami'in soja ya iso garejin yana neman a mayar da kayan gwamnati. Arfons ya nuna masa rasit ɗin ciniki, jami'in ya juya. Injin ya zauna, amma littafi bai samu ba.

Da ido da hannu aka yi gyaran. Suka kwance injin, suka tarar da gomman fukafukai sun lanƙwashe ko sun tsage. Sababbi ba sa samuwa, saboda haka Arfons ya cire waɗanda suka lalace, ya kuma cire wasu lafiyayyu a wuraren da za su sa nauyi ya daidaita. Dalilin shi ne fanka mai juyawa dubban sau a minti ɗaya, in gefe guda ya fi nauyi ko da kaɗan ne, girgiza za ta tarwatsa injin. An yi asarar ɗan ƙarfi, amma abin da ya rage ya ishe shi. Domin gwaji, sai suka ɗaure injin da sarƙa a jikin itatuwa a bayan garejin suka tayar da shi, ƙararsa ta girgiza unguwar.

Gayyar da ta haɗa motar

Mutum ɗaya ba zai iya ɗaga injin da ya haura tan ɗaya da rabi ba, balle ya gina mota a kewayensa. Cikin waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu a wannan aiki akwai Ed Snyder, wanda ya daɗe yana hannun daman Arfons, da Charlie Mayenschein, da wani dattijo mai suna Bud Groff. Ba ma'aikatan wani kamfani ba ne da aka turo da takardar aiki. Mutanen gari ne da suka ga abin da ake yi a garejin, ya shiga ransu, suka ba da lokacinsu da basirarsu.

Tsarin motar mai sauƙi ne: injin shi ne gangar jikinta, bakinsa a buɗe a gaba, aka maƙala wurin zama a kowane gefe, direba a hagu. Sandunan da ke riƙe ƙafafu daga wata tsohuwar Lincoln ta 1937 da wata babbar motar Dodge aka ciro su, sitiyarin kuma na Packard ne. Na'urar lanƙwasa ƙarfen jikin motar da kansu suka ƙera ta, tunda ta kasuwa ta fi ƙarfinsu. Laimar da ke tsayar da mota bayan gudu tana buƙatar abin da zai cilla ta waje nan take, sai suka yanke bakin bindigar farauta suka mayar da ita wannan aiki. A saman motar suka kafa wani fiffike da aka haɗa da ƙafafun gaba, ta yadda in hancin motar ya fara ɗagawa, fiffiken zai karkata, iska ta danne shi ƙasa. Wannan dabara ce ta magance abin da masu irin wannan gudu suka fi tsoro, wato mota ta tashi sama. Da aka gama, fenti ja da shuɗi ne ya fi yawa a jikinta, amma tsohon sunan bai canza ba.

An ƙiyasta kuɗin da Arfons ya kashe a kan kusan dala 10,000, alhali Spirit of America ta ci kimanin dala 250,000. Sai dai akwai abu ɗaya da gareji ba ya iya yi, shi ne taya. A gudun mil 500, ƙarfin juyawa kaɗai ya isa ya yage robar taya daga jikinta. Wannan aiki ne na ɗakin bincike da injiniyoyi. Kamfanin Firestone ya ɗauki nauyinsa, ya ƙera tayoyi da ƙafafun ƙarfe na musamman waɗanda kuɗinsu ya zarce na motar kanta. Ba don Allah kawai ya yi ba: Goodyear na bayan Breedlove, yana kuma bayan Walt Arfons, kuma kowane kamfani na son a ce tayarsa ce ta fi gudu a duniya.

A kan gishiri ma aikin abokan bai ƙare ba. Ƙa'idar sa'a guda ta sa tarihin ya rataya a wuyansu kamar yadda ya rataya a wuyan direba. Da zarar motar ta tsaya a ƙarshen zagaye na farko, dole su iso gare ta, su juya ta, su zuba mai, su duba tayoyi, su naɗe sabuwar laima, su sake tayar da injin da na'urar da ke kan wata mota daban. In laima ta naɗu ba daidai ba, direba ba shi da abin tsayawa, domin birki ba ya aiki a wannan gudu. In aka makara da minti ɗaya, gudun farko ya tashi a banza. Arfons yana shiga motar ne da sanin cewa ransa na hannun mutanen da suka ɗaure kusoshinta.

Oktoban 1964

A watan Yulin 1964 Donald Campbell na Ingila ya yi mil 403.10 a tafkin Eyre na Ostareliya da motar Bluebird, wadda injinta ke juya ƙafafu, kuma wadda kamfanonin Birtaniya da dama suka zuba wa dukiya. FIA ta amince da shi. Bayan wata uku, wannan adadi ya zama tsohon labari.

Ranar 2 ga Oktoba, motar Walt mai suna Wingfoot Express ta yi mil 413.20 a Bonneville. Wani injiniya mai suna Tom Green ne ya tuƙa ta, domin ciwon zuciya ya hana Walt shiga. Murnarsu kwana uku ta yi. Ranar 5 ga wata Art ya fito da Green Monster ya yi mil 434.02, ya karɓe kambun daga hannun wansa. Ranar 13 Breedlove ya mayar da martani da mil 468.72, ranar 15 kuma ya ƙara zuwa 526.28. A wannan rana laimominsa suka tsinke, birkinsa ya ƙone, motar ta yi ta gudu ba tsayawa, ta datse falwayar waya, ta faɗa cikin wani kududdufin ruwan gishiri. Ya fito da ransa, amma motar ta gama aiki.

Ranar 27 ga Oktoba Arfons ya dawo ya yi mil 536.71, kimanin kilomita 864. Yana gab da kammalawa tayar baya ta dama ta fashe, amma ya riƙe motar har ta tsaya. Cikin wata guda an karya tarihin sau biyar, ya tashi daga 413 zuwa 536. A watan Disambar shekarar hukumomin duniya suka sauya ƙa'ida, suka amince cewa abin da ya fi gudu a kan ƙafafu shi ne mai kambu, ko da injinsa ba ya juya su.

Kwana takwas a 1965

Breedlove ya dawo a 1965 da sabuwar mota mai ƙafa huɗu, Sonic 1, ita ma da injin J79. Ranar 2 ga Nuwamba ya yi mil 555. Arfons ya iso da 'yan tawagarsa, ranar 7 ga wata ya yi mil 576.553. Nan ma tayar baya ta dama ta sake fashewa, ta yi wa jikin motar ɓarna, hayaƙi ya cika wurin zamansa, amma ya tsira. Ba tsautsayi kawai ba ne yake maimaita kansa: juyawar injin tana danna nauyi a kan wannan gefen, tayar kuma tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Motar ba ta sake fita a wannan kaka ba. Ranar 15 ga Nuwamba Breedlove ya yi mil 600.601, ya zama mutum na farko da ya haye 600. Kambun Arfons na uku kwana takwas ya yi a hannunsa, daidai da na farko. Na biyun ne kawai ya shekara.

Ya koma Akron, shi da abokansa suka gyara motar. Ranar 17 ga Nuwamban 1966 ya sake hawa gishirin. Yana gudun kimanin mil 610, wato kusan kilomita 980, sai ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kansa ya ƙone ya cije. Motar ta kauce, ta yi ta wuntsilawa, ta watsa sassanta a kan fili mai nisan fiye da mil guda. Waɗanda suka ruga wurin ba su sa ran samun mai rai ba. Suka tarar da shi a ɗaure cikin abin da ya rage na wurin zamansa, gishiri ya ƙuje masa fuska da idanu, amma ba wani mummunan rauni. Har zuwa lokacin ba a taɓa samun wanda ya tsira daga hatsarin mota a irin wannan gudu ba. Green Monster dai ta tafi ke nan. Ya ƙera wata a madadinta, amma bai samu mai ɗaukar nauyi ba, ya sayar da ita.

Ranar baƙin ciki a Texas

Arfons ya ci gaba da neman abinci da nuna motocin jet a filayen tsere. Ranar 16 ga Oktoban 1971, a wani fili kusa da birnin Dallas na jihar Texas, ya ɗauki wani ɗan jaridar talabijin a kujerar gefe ta motarsa Super Cyclops. A ƙarshen gudun taya ta fashe, motar ta ƙwace, ta bugi ma'aikatan filin biyu, ta kifa. Mutum uku suka mutu: ma'aikatan biyu da ɗan jaridar. Arfons ya fito da ƙananan raunuka.

Sau da dama ya sha ganin mutuwa ta gifta shi, ya kuma koma cikin mota. Wannan karon waɗansu ne suka biya farashin, kuma abin ya karya masa gwiwa. Bai sake shiga irin wannan tsere ba.

Komawa ga tarakta

Bayan 'yan shekaru ya sami wani fage da ya dace da basirarsa, wanda kuma hatsarinsa ga 'yan kallo bai kai na baya ba: gasar jan nauyi da tarakta, wasan da manoman tsakiyar Amurka ke ji da shi. Tarakta ce ke jan wani keken ƙarfe mai nauyi a kan turɓaya, nauyin yana matsowa gaba yayin da ake tafiya har ya kafe ta, wanda ya fi nisa shi ya ci. Arfons ya ɗora wa taraktarsa injin jirgi mai fanka, ya kira ta Green Monster, ya zama zakara a 1979. Ɗansa Tim da 'yarsa Dusty duk sun shiga wannan wasa, gareji ya koma aikin iyali kamar yadda injin niƙa ya kasance a zamanin mahaifinsa.

Duk da haka gishirin bai fita ransa ba. A 1989, yana da shekara 63, ya koma Bonneville da wata 'yar siririyar mota mai ƙafa biyu, Green Monster ta 27. Ta tashi sama ta faɗi a gudun kimanin mil 350, ya sake tsira. Ya ƙara mata ƙafafu ya dawo a 1990 da 1991, amma ba ta miƙe yadda yake so ba, ya haƙura. A 1991 aka shigar da sunansa zauren girmama gwarzayen tseren motoci na Amurka.

Rasuwa da abin da ya bari

Art Arfons ya rasu ranar 3 ga Disambar 2007 a kusa da Akron, yana da shekara 81. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa an binne shi da sufanu a hannu da kwalbar gishirin Bonneville a gefensa. Walt ya biyo bayansa a 2013, Breedlove kuma a 2023.

Adadin da ya kafa an daɗe da wuce shi. Gary Gabelich ya yi mil 622 da motar roka a 1970. Richard Noble na Birtaniya ya yi mil 633 da Thrust2 a 1983. Ranar 15 ga Oktoban 1997 Andy Green ya yi mil 763.035 da ThrustSSC a hamadar Black Rock ta jihar Nevada, ya zama na farko da ya wuce gudun sauti a ƙasa, kuma har yau kambun na hannunsa.

Abin da ya ɗore shi ne salon aikin. Motocin Noble biyu sun dogara sosai da 'yan sa-kai da gudunmawar magoya baya da kayan da kamfanoni suka bayar kyauta. A Amurka wasu 'yan sa-kai sun shafe shekaru suna mayar da gangar jikin jirgin F-104 mota mai suna North American Eagle, da injin J79 irin na Arfons. A cikinta Jessi Combs ta kafa tarihin gudu na mata, mil 522, a watan Agustan 2019, a cikinta kuma ta rasa ranta a wannan rana. A Afirka ta Kudu, mutanen yankin Hakskeen Pan fiye da 300 ne suka tsince duwatsu kimanin tan 16,000 da hannu domin share wa motar Bloodhound hanya, wadda ta kai mil 628 a gwajin da aka yi a 2019.

A duk waɗannan, mutum ɗaya ne ke zama a bayan sitiyari na 'yan daƙiƙoƙi, sunansa kuma shi ake bugawa. Sauran su ne masu walda, masu naɗe laima, masu tsintar dutse, waɗanda in ɗayansu ya yi sakaci ba a kafa tarihi, watakila ma direban ba ya dawowa. Arfons ya bambanta da yawancin direbobi domin shi ma ɗaya ne daga cikinsu: da hannunsa ya cire fukafukan injin, tare da su ya kwana a gareji, sannan ya shiga motar da suka haɗa. Sau uku abin da suka ƙera da dala 10,000 ya kayar da masu dukiya, kuma a jerin sunayen da suka riƙe kambun gudu a doron ƙasa, sunan ɗan mai injin niƙa na Pickle Road ya fito sau uku.